Filin Tambayi Bakanike: Sitiyarin V-boot ɗina na wasa, in bari a ɗaure akwatin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ya aiki ya iyali. Ina da Marsandi V-boot 230E ƙirar 1991, gadonta na yi wajen mahaifinmu Allah ya jiƙansa shi ya sa ba na son rabuwa da ita. Bara na ɗan yi mata kwalliya, na cire rim ɗinta na asali na sa mata 17 masu faɗi, da yake suna gogar ƙarfe ta ciki sai aka ƙara sifesa, wato faifan ƙarfen da ake sawa tsakanin rim da mazauninsa, aka yanke sifirin ɗin gaba don ta ɗan zauna ƙasa, sitiyarin ma na canza na sa ƙarami irin na motar tsere. Toh yanzu sitiyarin wasa yake yi sosai, sai na juya shi kusan faɗin yatsu huɗu kafin taya ta amsa, in na hau hanyar Kaduna na wuce 80 kuwa motar yawo take a titi sai na yi ta gyara hannu, in tirela ta gifta ni har gabana faɗuwa yake. An yi alaimen sau biyu ba abin da ya canza. Bakanikena ya ce akwai wani noti a saman akwatin sitiyari, a ɗaure shi minti biyar an gama. In bari ya ɗaure? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta. Kar ka bari a taɓa notin nan yanzu. Ba wai ba a ɗaure shi ba ne, ana ɗaurewa, amma shi ne abu na ƙarshe bayan an duba komai, kuma daga yadda ka kwatanta matsala biyu ce da kai ba ɗaya ba. Akwai wasan sitiyari na tsufa, akwai kuma yawon da kwalliyar nan taka ta jawo, shi na biyun ko an ɗaure akwatin har ya sandare ba zai tafi ba.

Bari mu fara da wasan. Motar nan taka kamfanin Mercedes-Benz W124 yake ce mata, a ƙarshen 1984 aka fara ƙera ta, kuma sitiyarinta ba irin na Golf ko 504 ba ne masu rak, wato doguwar sanda mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama. Ita akwati gare ta mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, daga akwatin hannu ya fito ya kama sandar tsakiya, ɗaya bakin sandar yana rataye a jikin aidila, wato hannun da ke tallafe sandar ta ɓangaren fasinja, sannan tayarod biyu hagu da dama kowanne da kawuna biyu, ga kuma ɗan shok da ke kwance a jikin sandar. Ka lissafa ka ga gaɓoɓi nawa ne tsakanin hannunka da taya. Kowacce in ta ɗan ci kaɗan ba za ka gani da ido ba, amma in suka taru su ne yatsu huɗun nan da kake ji a hannu. Mota mai shekara sama da 30 a kan titunan nan namu, da wuya ka samu laifin a wuri ɗaya kawai.

Ga yadda za ku gano, kuma ba ya buƙatar wata na'ura, mutum biyu ne da tocila. A ɗora motar a kan rami tayoyinta a ƙasa suna ɗauke da nauyinta suna kallon gaba sak, a kunna inji, wannan ka kula da shi domin akwatin fawa in inji a kashe yake dama yana da ɗan wasa nasa na halitta, sai ka ɗauka ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Kai ka zauna a ciki kana ɗan kaɗa sitiyarin hagu da dama a hankali, iya inda yake wasan nan kawai, shi kuma bakanike ya bi layin tun daga sama. Ya fara da sandar da ta sauko daga sitiyari ta shiga akwati, akwai mahaɗi a wajen, ya ga ko sama na juyawa ƙasa na jira. Sai ya kalli hannun da ya fito daga akwati, yana motsi tare da sandar ko yana makara. Sai ya dafa kowane kan tayarod da tafin hannu ya damƙe shi, wanda ya ci zai ji yana ƙwas ƙwas a hannunsa tun kafin ido ya gani. Da rana tsaka a gareji ana ta buga guduma kunne ba zai ji komai ba, hannu ne ke ji.

Aidila nake so ku fi tsayawa a kai. A V-boot da Marsandi 190 bushin ɗinta na daga cikin abin da ke fara mutuwa, in ya mutu za ka ga hannun na ɗagawa sama yana sauka maimakon ya juya gefe kawai, kuma shi kaɗai ya isa ya sa mota yawo. Kayan gyaransa ba su da tsada in ka kwatanta da akwati, bushin biyu ne da dogon kusa da noti. Sannan a duba kusoshi ukun da suka ɗaure akwatin kansa a jikin shasi, ana samun su saki akwatin gaba ɗaya ya dinga motsi, wani lokacin ma ƙarfen wajen ya tsage, a goge dattin a haska da kyau.

Daga nan a ɗaga gaba da jak. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, in akwai motsi boris ne ko boljoyin, a sa wani ya taka burki, in motsin ya ɗauke to boris ne. Boris ɗin gaban V-boot ana saita shi da notin bakinsa, wasan da kamfani ya yarda da shi 0.01 zuwa 0.02 na milimita ne, wato hannu ma ba zai ji ba, amma kuma ba a matse shi tam sai ya yi zafi ya ƙone.

Boljoyin na ƙasa kuwa ina roƙonka ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da duk abin da na faɗa. A wannan motar sifirin a kan lowa-am, wato hannun ƙasa da ke riƙe da taya, yake zaune yana danna shi, saboda haka boljoyin ɗin kullum a matse yake, za ka girgiza taya da hannu ka ji shiru alhali ya kusa rabuwa. Sai an sa jak a ƙarƙashin lowa-am ɗin an ɗauke masa nauyin sifirin sannan a zura taya-liba a gwada. Ka duba robarsa, in ta yage ruwa da yashi sun riga sun shiga, in kuma kana jin ƙiiii ƙiiii lokacin da kake juya sitiyari a tsaye ko kana hawa tudun rage gudu, kar ka sake hawa babban titi da ita sai an canza. Duk V-boot ɗin da ka taɓa gani a gefen hanya tayar gaba ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota, galibi wannan ne. Kuma a canza duka biyun lokaci ɗaya. Wajen cire sifirin ɗin ma a nemi wanda ke da abin matse shi na Marsandi mai shiga ta ciki, sifirin nan dogo ne mai ƙarfi, in ya kuɓuce yana iya kashe mutum, ban yarda da ɗaure shi da waya ko igiya ba ko kaɗan.

Baya ma a leƙa. Kowace tayar baya hannuwa biyar ne ke riƙe da ita, in bushin ɗinsu sun ruɓe bayan motar ne ke juya kansa in ka ba da wuta ko ka saki totur, direba kuma ya rantse sitiyari ne.

To in an gama duk wannan an canza abin da ya ci, aka ga har yanzu sandar sama na juyawa hannun akwati na makara, a nan ne maganar bakanikenka ta shigo. A saman akwatin akwai noti da wani sukuru a tsakiyarsa mai shan alanki. Abin da da yawa ba su sani ba, a akwatin Marsandi kwance sukurun ake yi, wato a juya shi hagu ya fito sama, shi ne ke rage wasa, ba a ɗaure shi ciki kamar na wasu motoci ba. A sa alama da fenti ko alli inda yake, tayoyi na kallon gaba, a juya kaɗan kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe shi a ɗaure notin, a ɗaga gaba a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko akwai inda yake cijewa, sannan a fita gwaji. Bayan ka sha kwana dole sitiyari ya dinga dawowa tsakiya da kansa. In ya daina dawowa an wuce gona da iri, a mayar baya. Akwatin da aka matse da yawa yana yaudara, ranar farko za ka ji daɗi ka ce an gyara, amma haƙoran ciki cin juna suke yi, kuma mota mai sitiyarin da ba ya dawowa ta fi mai wasa haɗari. Ka kuma sani irin wannan akwatin ba a raba shi da ɗan wasa gaba ɗaya, in ya rage kamar faɗin babban yatsa a bakin sitiyari, wajen milimita 25, ka bar shi haka. In an saita bai ji ba to ya ƙare, a nemo wani a Panteka ko Ƙofar Ruwa, kuma ka juya shi da hannunka a shagon ka ji wasansa kafin ka biya, don na Beljiyam ɗin ma sa'an naka ne a shekaru.

Yanzu kwalliyar. Ba zan ce maka ka yi laifi don ka so motarka ta yi kyau ba, amma yanke sifirin ɗin nan shi ya fi damuna. Kamfani ya auna tsayin motar ta yadda tayarod da lowa-am za su dinga hawa da sauka tare, da ka sauke ta ƙasa kusurwarsu ta canza, yanzu duk sanda taya ta faɗa rami ko ta hau tudu sai ta ɗan juya kanta ba tare da ka taɓa sitiyari ba. Shi ne kake ta gyara hannu. Ga shi saman tayoyin ya karkata ciki, je ka shafa gefen ciki na tayar gaba na tabbata ya fi na waje cinyewa. In kuma da wutar gas aka yanke ko aka gasa shi ya zauna, ƙarfen ya riga ya mutu, ba lallai ma hagu da dama su zo daidai ba. Ka nemo sifirin na asali ka mayar. In dai dole sai ta ɗan sauka, akwai robar da sifirin ke zama a kai ta sama, kauri huɗu kamfani ya yi ta, 8 da 13 da 18 da 23 na milimita, a sa maras kauri, wannan ba ya ɓata komai.

Rim 17 da taya mai faɗi marar kauri kuwa bin duk wani layi da kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta take yi, tayar da irin motarka ta saba zuwa da ita 195/65 R15 ce, mai kaurin gefe da ke shanye gargada kafin ta kai ga bushin. Sifesa kuma ta tura tayar waje, duk dukan da rami ya yi mata yanzu da dogon hannu yake isa ga boris da boljoyin da tayarod, shi ya sa kayan da suka yi shekaru suna lallaɓawa suka ƙarasa cikin shekara ɗaya. Ka ciro kusar taya ɗaya ka kalla. Ta Marsandi wuyanta zagaye ne kamar rabin ƙwallo, rim ɗin kasuwa da yawa kuma wuyan mazurari suke so, in aka haɗa wanda bai dace ba a bakin layi kawai suke taɓa juna, sai ta dinga saki. Ka ga kuma ko an sa dogayen kusoshi bayan an ƙara sifesa, in na asali aka mayar to zare kaɗan ne ke riƙe da tayarka. Ramin tsakiyar rim ɗin Marsandi milimita 66.6 ne, in na sabon ya fi haka faɗi ba a sa zobe ba tayar ba a tsakiya take zaune ba. Ni dai shawarata ka cire sifesa, in rim ɗin ba zai zauna ba sai da ita to ba na motarka ba ne. Ka ari tayoyi 15 na wani mai V-boot ka ɗaura ka yi tafiya ɗaya zuwa Jaji ka dawo, kai da kanka za ka yanke hukunci.

Ƙaramin sitiyarin, ka kama shi ka girgiza sama da ƙasa ka ja shi wajenka. Mazaunin da ake sayarwa da su sau da yawa haƙoransa ba sa kama sandar da kyau, wani wasan tun daga nan yake farawa. Kuma ka lura yatsu huɗu a ƙaramin sitiyari sun fi yatsu huɗu a babba, wato wasan naka ya fi yadda kake zato. Iskar taya ma ka duba da geji naka, mai faci na iya ɗura maka 50 ya ce ta yi, adadin da ya dace yana rubuce a cikin murfin tankin mai.

Alaimen biyun da ka yi kuɗin sun tafi, domin ba a saita taya a kan gaɓoɓin da ke motsi, kana fita daga wajen saitin ya gudu. Shi ne zai zo ƙarshe, bayan sifirin da rim da duk canje-canjen.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Golf 3 ce da ni nake haya da ita, asalinta hannun Ingila ce aka juya sitiyarin zuwa hagu kafin na saya. Kwanan nan ina jin ƙas ƙas a ƙarƙashin dashbod in na juya, kuma sitiyarin ya fara wasa. An canza tayarod bai daina ba. Daga wani direba a Gusau.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Ka ajiye motar nan yau ka kwanta a ƙarƙashin dashbod da tocila kafin ka sake ɗaukar fasinja. Tun 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi motocin Ingila da Japan sai an juya su, kuma juyin kala biyu ne. Mai kyau shi ne a kawo rak da sandar sitiyari da fedoji da dashbod na mota irinta mai hannun hagu a ɗaura kowanne a mazauninsa. Marar kyau shi ne a yanke sanda a ƙara ƙarfe a yi walda, a huda bango a rataye abin da ya samu. Ka bi sandar daga sitiyari har inda ta huda ta fita, in ka ga walda a jikinta ko a jikin ɗan mahaɗin nan mai gicciye, kar ka ce a ƙara walda, a canza sandar sukutum da ta Golf 3 mai hannun hagu, ba wahalar samu take ba. Walda a sandar sitiyari ba ta ba da sanarwa, rana ɗaya take ballewa. Ka duba kuma ƙarfen da ya riƙe sandar a jikin mota ko yana motsi, da kusar da ta matse mahaɗin a bakin rak.

In can lafiya lau ne sai a koma rak ɗin. Tayarod da aka canza maka ina jin na waje ne, akwai na ciki a ɓoye cikin robar nan mai lanƙwasa, a matsa robar da hannu ana kaɗa sitiyari za a ji in shi ne. Akwai kuma robobin da suka ɗaure rak a mazauninsa, in sun mutu rak ɗin gaba ɗaya ke zamewa gefe. Mota mai rak ba a yi mata uzurin da ake yi wa mai akwati, a gwajin lafiyar mota na Ingila milimita 13 kawai aka yarda sitiyari mai rak ya yi wasa, mai akwati kuma har 75, to in naka ya kai faɗin yatsu biyu akwai abin da ya ci.

TAMBAYA: Maigida ina gaisuwa. Land Cruiser ce ta ɗaukar kaya, tsohuwa mai sifirin ɗin faranti a gaba, mun ɗaga ta saboda yashi muka sa manyan tayoyi. Tun daga nan a kan kwalta ba ta tsayawa layi ɗaya, sitiyari ya yi sakwaf ba ya dawowa. An ce in ƙara shok ɗin sitiyari na biyu. Daga Agadas.

AMSA: Ina amsawa Alhaji, Allah ya tsare hanya. Shok na biyu ɓoye ciwon zai yi kawai, hannunka zai daina ji amma motar na nan tana yawonta. Abin da ya faru, gatarin gaba a asali ɗan kwantar da shi aka yi baya kamar yadda cokalin gaban keke yake, wannan kwanciyar ce ke sa taya ta nemi tsakiya da kanta. Da kuka ɗaga motar, musamman in da dogon shakul aka ɗaga, wato ƙarfen da bakin sifirin ke rataye a jikinsa, gatarin ya mirgina kwanciyar ta ragu, shi ne sakwaf ɗin da kake ji. Maganinsa a auna a wajen alaimen mai na'ura a ga digiri nawa aka rasa, a sa ɗan ƙarfe mai siffar weji tsakanin faranti da gatari ya mayar da shi, na ƙarfe ba na alminiyam ba, a sa sababbin yubol, wato kusoshin nan masu siffar U da ke haɗa gatari da faranti, a ɗaure, a sake bin su da sifana bayan tafiyar farko. Kafin nan a duba bushin ɗin shakul da boris ɗin sama da ƙasa na ƙwallon da taya ke juyawa a kai, manyan tayoyi da gargadar hanyar Arlit suna cinye su da wuri. In kun fito daga yashi kuma kar a manta a mayar da iskar da aka rage kafin a hau kwalta.